Gudun da Na Hana Ɗana

Da wannan damina ɗana ya cika shekara goma sha huɗu da rasuwa. Ban iya duba kalanda ba, amma lissafin bai taɓa ɓace mini ba, domin ruwan Libreville ba ya bari in manta. Da ya fara dukan kwanon ɗakina a Nzeng-Ayong, kanal ɗin bayan gida, wato babbar magudanar ruwa, ya fara ruri, na san shekara ta sake zagayowa.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakacin abin da zan yi salla da shi na samu. Rabi ce ke riƙe da biro, matar marigayin, wadda ta yi makaranta a Zariya kafin a kawo ta nan. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana don ta rufa mini asiri. Sunansa kuwa ba za ku ji shi a bakina ba. Ɗan fari ne, mu kuma da aka raina a gida ba ma kiran sunan ɗan fari. Mutanen unguwa Injiniya suke ce masa, to ni ma haka zan ce.

Duk shekara in ranar ta zo, waina nake soyawa in rabar sadaka, in yi shiru. Bana na ce sai na yi magana, saboda ranar Asabar mai zuwa ɗansa Nasiru zai ɗauki jaka ya hau jirgin ruwa a Owendo, ya gangara ɗakin inji irin wanda ubansa ya yi aiki a ciki. Tun da aka sa ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma ba teku kaɗai nake tsoro ba. Akwai wata magana da na faɗa da bakina tun da daɗewa, ita nake tsoron ta bi yaron nan cikin jirgi.

Bari in fara da yadda ɗana ya zama abin da ya zama, don iyayen da 'ya'yansu ke sha'awar aikin nan su san doguwar hanya ce. Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, yadi yake sayarwa, kuma burinsa yaron ya gaje shi a rumfa. Yaron kuwa tun yana ƙarami babu abin da ya tsira daga hannunsa. Rediyon ubansa, injin markaɗena, keken ɗinkin maƙwabciya, duk sai ya kwance ya ga abin da ke ciki. Da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, a ɓangaren lissafi, sai ya zauna konkur, jarrabawar gasa ta shiga makarantar teku, ya ci. Kafin su karɓe shi sai da likita ya duba idonsa da kunnensa, ya nuna masa launuka ya bambance, wai wanda ba ya rarrabe ja da kore ba a damƙa masa wayoyin jirgi. Ya tafi Abidjan shekara uku. In ya zo hutu, ga ƙunar walda a hannu, ga farce baƙi ƙirin da sabulu ba ya fitarwa.

Na ɗauka da ya gama shi ke nan, ya zama babba. Ashe farawa aka yi. Sai da ya yi kusan shekara a teku yana ɗalibi, elef suke ce musu, yana wanke matatar mai, yana goge ƙasan inji, kowa ya aike shi. An ba shi wani littafi mai kauri, duk aikin da ya iya sai babban injiniyan jirgi, wanda suke kira shef, ya gani da idonsa ya sa hannu. Da littafin ya cika, ya koma ya zauna gaban dattawan aikin suka yi masa tambayoyi baki da baki. Sai a lokacin aka ba shi takardar tsaron inji shi kaɗai, awa huɗu a tsaye, awa takwas hutu. Daga nan kuma hawa-hawa ne: a yi watanni a teku, a koma aji, a sake jarrabawa, a hau mataki ɗaya. Lokacin da ya rasu shi ne na biyu a ɗakin inji, saura takarda ɗaya ya zama shef. Ni da ban iya karanta sunana ba na haddace matakan nan tsaf, domin kowane mataki watanni ne da na yi ina kasa kunne ga ƙofa.

Ban taɓa yaba masa a gabansa ba. Ranar da ya shigo da farar riga mai ratsin zinare a kafaɗa, matan unguwa suna ta guɗa, abin da na ce masa shi ne ya cire takalmi kada ya ɓata mini tabarma. Haka aka raine ni, haka na raine shi. Ni mace ce mai tsanani, kowa a layinmu ya sani. Ba a yi mini ƙarya sau biyu, ba a dawo mini gida bayan magariba. Na daɗe ina alfahari da hakan.

To, yanzu ga maganar. Yana ɗan shekara goma, wata ranar Laraba da babu lekol, wato makaranta, da yamma, aka yi ruwa irin na nan, wanda kan mai da hanya kogi kafin ka kwashe shanya. Lokacin ba a yi wa kanal ɗin bayan gidanmu siminti ba, rami ne mai santsi, jan ruwa yana gudu da shara da itatuwa. Yara suna wasa a baki, sai Isiyaku, ɗan maƙwabtanmu mutanen Garwa, ya zame ya faɗa. Ya kama wani reshe yana ihu. Ɗana yana tsaye daidai kansa. Bai shiga ba. Ya juya ya sheƙa da gudu zuwa wurin kafintocin bakin titi yana kururuwa, suka zo da katako da igiya suka jawo Isiyaku da ransa.

Ni kuwa abin da na hango daga ƙofar gida shi ne ɗana ya ba abokinsa baya yana gudu. Kuma na ji wata mata ta ce, da ƙarfi don in ji, "Ɗan gidan mai waina akwai sauri, ko waiwaye bai yi ba." Aka yi dariya. Dariyar nan ta shige ni har ƙashi. Na ja shi ɗaka na rufe ƙofa, na ɗauki muciya na yi masa dukan da ban taɓa yi masa ba. Yana cewa, "Inna, ban iya ruwa ba, manya na je kira." Ban saurara ba. Na ce masa, kuma ina tune da kowace kalma, "Duk ranar da ɗan uwanka ya faɗi a gabanka ka juya masa baya, kada ka ƙara ce mini Inna. Ban haifi mai tsayawa kallo ba." Bai yi kuka mai sauti ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "To, Inna."

Kafin damina ta gaba ni na manta da abin. Shi ashe bai manta ba.

Shekara ashirin da huɗu bayan nan, jirginsu yana tsaye a wata tasha mai nisa, kamfanin ya aiko mana mutum biyu da takarda. Suka ce hatsari ne a wurin aiki, iska ce ta ƙare masa. Ban gane ba. Yaya iska za ta ƙare wa mutum a duniyar Allah? Aka kawo shi bayan kwanaki, muka yi masa sutura a nan. Ranar sadakar arba'in wani abokin aikinsa ya zo gaisuwa, Mista Emeka, Kirista ne ɗan Najeriya, makanike a jirgin. Ya zauna da maza a ƙarƙashin rumfa, ni ina ciki bayan labule. Da Turancin buroka yake magana, ni kuwa shekarun da na yi a bakin tanda sun koya mini buroka, ban jira tafinta ba.

Ya ce a cikin jirgi akwai tankuna da ramuka da ake rufewa watanni ba a buɗe ba. Tsatsar ƙarfe tana cinye iskar da ke ciki a hankali. Babu wari, babu hayaƙi, ido ba ya ganin komai. Wani ma'aikaci daga cikin masu shafa wa inji giris ya sauka irin wannan rami don ɗauko wani abu, bai kai ƙasan tsani ba ya sulale. Ɗana yana kusa. Mista Emeka ya ce ya riƙe masa riga ta baya, ya ce a jira a kawo tulun iska. Ɗana ya fizge, ya ce masa, "Uwata ba ta haifi mai tsayawa kallo ba." Ya sauka. Da aka zo da kayan numfashi, gawa biyu aka fitar.

Mista Emeka yabo yake yi, yana kuka yana cewa bai taɓa ganin namiji irinsa ba. Maza suka ɗauki kabbara. Liman ya ce uwar da ta yi wannan tarbiyya ta gode wa Allah. Mata suka juyo suna kallona suna gyaɗa kai. Ni kuwa kalmomina na ji an dawo mini da su ta bakin baƙo, ba a canja ko ɗaya ba.   Na karɓi yabon na lulluɓa da shi shekara goma sha huɗu, don ban san abin da zan gani ba in na yaye shi.

Labarin ya zama na unguwa. Nasiru yana ɗan shekara takwas lokacin, kuma da labarin ya girma. A masallaci a shafa kansa a ce ɗan jarumi. A wurin suna ko ɗaurin aure, in hira ta yi nisa, sai wani ya ɗauko, ya ƙara masa gishiri. Ina ji ina gani, ban taɓa tsawatar wa kowa ba, ni da ake tsoron tsawata.

Sau da yawa ina tambayar kaina abin da Injiniya zai ce da zai leƙo ya ga yau. A zamaninsa sai jirgi ya shiga gari muke jin muryarsa, ita ma kamar daga cikin rijiya. Yanzu abokan Nasiru suna kiran iyayensu daga tsakiyar teku, har fuska ana gani. Injiniya yakan kara sukurdireba a jikin inji, ya sa kunne a ƙotar, ya faɗa maka inda ciwon yake. Yanzu Nasiru ya ce a ɗaki mai sanyi ake zama gaban kwamfuta, inji ne ke faɗin ciwonsa da kansa. Ina jin da ubansa ya yi dariya ya ce yaran yanzu sun huta, sannan ya ja kujera ya koya kafin kowa, don bai taɓa jin kunyar tambaya ba. A ajin su Nasiru har 'yan mata akwai, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta fi kowa walda. Wannan da ya yi masa daɗi, shi da ya so ƙwarai a haifa masa mace. Kanal ɗin ma an yi masa siminti da gada. Amma ramukan jirgi suna nan yadda ya bar su, tsatsa tana nan tana cin iska. Abin da na fi tambayar kaina shi ne me zai ce in ya ji yadda ake ba ɗansa labarin mutuwarsa. Ba na jin zai gode mana.

Ranar da Nasiru ya ce mini ya ci konkur ta makarantar teku, wata guda ban amsa gaisuwarsa ba. Bai fasa zuwa ba. Kullum da safe sai ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Amarya, har yanzu yajin ne? To ki sani ba zan sake ki ba." Jika ne, yana da wannan damar, abin da ubansa bai taɓa samu ba. Rabi ce ta karya ni. Ta ce, "Inna, in muka hana shi albarka, zai tafi babu ita." Na ce ya je. Shekara uku ina kallon hotuna a wayar Rabi. Ga shi cikin hayaƙi yana koyon kashe gobara, ga shi ya yi tsalle cikin ruwa da rigar ceto, ga shi a gaban injin da ya fi ɗakina girma. Kowane hoto sai na sa an ƙara masa girma na duba kumatunsa, in ga ko yana cin abinci.

Makon jiya bayan la'asar, ana yayyafi, yana shirya kaya a baranda, ina zaune ina kallo kamar yadda na saba. Na hango littafi mai kauri, na gane shi tun kafin ya faɗa, irin na ubansa ne. Na ce ya karanta mini abin da ke ciki, shafi-shafi. Ya ce, "Tsohuwa, jarrabawar shef za ki zauna?" Na ce, "Karanta, mai kunnen ƙashi." Ya yi ta fassara mini: yadda ake tayar da janareto, yadda ake gwada ruwan tukunyar tururi, yadda ake tace mai. Sai ya zo wani shafi ya yi sauri zai wuce. Idona yana kan hannunsa. Na ce ya dawo baya.

Shafin shiga rufaffen wuri ne. Ya ce kafin kowa ya sa ƙafa, sai an buɗe an hura iska da fanka, an zura na'ura ta auna iskar sama da ta tsakiya da ta ƙasa, babba ya sa hannu a takardar izini. Mai shiga yana maƙale da wata 'yar na'ura a ƙirji, mai yin ƙara in iska ta ragu. Tulun iska da igiya suna ajiye a baki. Sannan a tsayar da mutum ɗaya a bakin ramin, ba shi da aiki sai kallo.

Na ce, "In na ciki ya faɗi, na bakin me zai yi?"

Ya ce, "Ya buga ƙararrawa, ya kira a rediyo. In babu, ya ruga ya kira mutane."

"Ya ruga? Ya bar shi a kwance?"

"Ya ruga, Kaka. Ko da ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. A jarrabawar baki, duk wanda ya ce zai shiga, nan take ake rufe littafinsa a ce ya dawo baɗi. Malaminmu ya ce mai shiga babu kaya ba ya ceton kowa. Aikin masu ceto yake ninkawa, kuma lokacin da za a ɓata a kansa daga ran wanda ya fara faɗuwa ake ɗiba."

 Abin da manyan malaman teku suke koyarwa da littafi da jarrabawa da sa hannu, shi ne abin da yarona ya yi da kansa yana ɗan shekara goma, babu wanda ya koya masa. Ni na sa muciya na fitar masa da shi. Kuma shi ma an koya masa wannan shafin, ya ci jarrabawarsa, shef ya sa masa hannu. Amma da ya tsaya a bakin ramin, ba muryar malaminsa ya ji ba. Tawa ya ji.

Sai na yi wa Nasiru tambayar da nake tsoro. Na ce, "Kai fa, in kai ne a bakin?" Ya yi murmushi, murmushin ubansa sak, ya rage murya kamar mai faɗin sirri mai daɗi. Ya ce, "A jarrabawa na faɗa musu abin da suke so su ji. Amma tsakanina da ke, Kaka, ni ɗan wane ne? In abokina ya faɗi ina tsaye, da wane ido zan dawo unguwar nan?" Ya ɗauka zan ji daɗi. Yana jira in sa masa albarka.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na ce Nasiru ya tare mana taksi zuwa unguwar Sotega. Ya yi mamaki, don rabona da fita unguwa tun jana'izar wata ƙawata. Muka sauka a gaban wani kanti na shinkafa da mai da sabulu. Mai kantin Isiyaku ne, ga tumbi, ga furfura a gemu, ga jikarsa a cinya tana cin biskit. Da ya gan ni ya miƙe zumbur ya ce, "Inna da kanta! Yau wa ya yi laifi?" Na ce, "Ni ce. Zauna ka faɗa wa yaron nan yadda aka fitar da kai daga kanal."

Isiyaku ya yi dariya ya ce, "Ai Nasiru, da ubanka ya faɗo ranar nan, da mu biyu aka tsinta a bakin teku. Reshen da na riƙe ni kaɗai ma da ƙyar ya ɗauke ni. Wallahi ina cikin ruwa ina roƙon Allah kada ya yi haukan shigowa. Da na ga ya juya da gudu, a nan na san zan rayu." Ni kuma na ɗora daga inda ya tsaya. A gaban masu sayayya na faɗi maganar matar nan, da dariyar, da muciyar, da abin da na ce, da abin da ya amsa. Isiyaku ya sauke yarinyar daga cinyarsa, ya ce, "Inna, dukansa kika yi? Bai taɓa faɗa mini ba." Na ce bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Muka shiga taksi za mu dawo gida. Sauran fasinjojin ba sa jin Hausa, direba ya ƙure rediyo. Da muka wuce gada, sai Nasiru ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wato Baba kuskure ya yi?" Na ce, "Ubanka mutumin kirki ne, ya fi ni nesa ba kusa ba. Sau biyu mutum ya faɗi a gabansa. Ranar da ya bi hankalinsa, ka ga Isiyaku da jikarsa. Ranar da ya bi maganata, ka san inda muka kai shi, kuma akwai wata uwar can da ita ma aka kai mata gawa." Da muka sauka a bakin layi, na riƙe masa hannu, abin da ban taɓa yi wa ubansa ba. Na ce, "Duk ranar da wani ya faɗi a rami ka bi shi babu tulun iska a bayanka, kada ka ƙara ce mini Kaka. Ka gudu. Ka yi ihu har muryarka ta dushe. Wanda zai yi dariya ya zo ya same ni."  Ya ɗago ya ce, "To, Kaka."

Malamai za su ce kwanan ɗana ne ya ƙare, kuma kada a ce da an yi kaza. Na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Ranarsa ba za ta wuce ba ko da me ya yi. Amma ajali na Allah ne, maganar da na faɗa kuwa tawa ce, kuma ni za a tambaya a kanta.

Shi ya sa na sa Rabi ta rubuta, ko da yake sau biyu tana ajiye biro tana fita waje. Magana ta yini ɗaya na yi wa Nasiru, ku kuwa mutanen unguwa shekara goma sha huɗu kuna shafa kansa kuna ce masa ɗan jarumi. Ban san wacce zai ji ba in ranar ta zo, kuma wannan ne ke hana ni cin abinci. Ina roƙonku, in ya zo yi muku sallama kafin Asabar, kada wanda ya ce masa ya gaji ubansa a zuciya. Ku ce masa ya bi littafinsa. Ku kuma iyaye mata, musamman masu irin halina, ku lura da abin da kuke faɗa lokacin da kunyar mutane ta kama ku. Yaro mai biyayya ba ya zubar da maganar uwa. Yana ajiye ta shekara ashirin, ya fito da ita a wurin da ba kwa nan balle ku ce ba haka kuke nufi ba.

Me ya rage na ɗana? Farar rigar tana cikin akwatin Rabi, ratsin ya dusashe. Injin markaɗen da yake gyara mini ya daɗe da mutuwa. Takardar shef ɗin da yake nema bai same ta ba. Labarin jarumtar da kuke riƙe da shi, ni uwarsa nake roƙo a sauke shi. Wanda nake so a riƙe shi ne yaron nan ɗan shekara goma, jiƙe sharkaf, yana gudu cikin ruwan sama zuwa wurin kafintoci yana kururuwa. Ya yi daidai. Ban faɗa masa ba yana raye, shekara ashirin da huɗu ina da dama. Yau na faɗa a gaban kowa, Allah ya isar masa, ya gafarta masa, ya sa ya yafe mini.

Ranar Asabar zan je Owendo, ni da ban taɓa raka uban ko bakin titi ba. Zan tsaya inda aka yarda a tsaya, in kalli jirgin har ya ɓace, sannan in dawo in ci gaba da kasa kunne ga ƙofa. Tsoron ba zai tafi ba, na sani. Abu ɗaya kawai nake riƙe da shi: yadda Nasiru ya ɗago ya amsa mini, haka ubansa ya ɗago ya amsa ranar muciya, kuma na ga yadda jinin nan yake cika alkawari. Da "to" ɗaya na rasa uban. Ina roƙon Allah, da "to" ɗaya ya bar mini ɗan.